Sarin kayan ƙafar Hilux da Land Cruiser: ina mai shagon karkara zai fara zuba kuɗinsa?

Mai Shago, Ringim:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa. Shawara nake nema. Kaka ta ƙarato, ina so in yi sarin kayan ƙafa na motocin shiga daji, Hilux da Mitsubishi L200 da Land Cruiser, in riƙa ba kanikawa da ƙananan masu shago na Taura, Jahun, Garki da Ɓaɓura. Wani dila ya turo min jerin kaya, rabinsa saitin ɗaga mota ne na inci biyu, koyil da shoka da sifirin a haɗe. Ya ce in na ɗauki saiti goma zai yi min ragi mai kauri. Jarin ba shi da yawa. Ta ina zan fara?

Dila, Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ajiye jerin nan tukuna, ka ɗauki littafi ka zaga garejin yankinka. Kada ka tambayi bakanike abin da ake saye, zai lissafo maka duk abin da ke jikin mota. Ka ce ya nuna maka tsofaffin kayan da ya cire a watan nan, waɗanda ke jibge a bayan rumfa suna jiran 'yan gwangwan. Za ka tarar da bushin sifirin, boljoyin, tayarod, linkejin sitabilaiza, senta bol da ya karye, yubol da zarensa ya cinye, da fallen sifirin ɗai-ɗai. Shoka na biye da su. Mai motar da ke kwaso shinkafa daga fadama ko kai riɗi Maigatari ba tsawo yake nema ba, so yake motar ta tashi gobe da asuba. Saiti goman nan zai iya haɗiye maka jari ya yi kwantai har wata kakar.

In ni ne, a kowace naira ɗari, 35 ga bushi da joyin, 25 ga shoka mai tsayin kamfani, 25 ga fallen sifirin da yubol da senta bol da shakul. Sauran 15 ɗin a aljihu, don cike gurbin abin da ya fara ƙarewa. Saitin ɗagawa sai wanda ya ba da kafin alƙalami.

Bakanike, Gumel:
Maganar Oga haka take, amma akwai abin da ya riga ta. Kafin ka sayi ko bushi ɗaya, ka san wace Hilux ce ke yawo a wajenku. Fo-wil ta kafin 1997, gabanta sifirin ne irin na baya. Daga 1997 zuwa 2005 gaban ya koma toshan ba, sandar ƙarfen nan mai murɗewa. Vigo, 2005 zuwa 2015, koyil ne a jikin shoka. Revo daga 2015, a ido kamar Vigo, amma sifirin bayanta ya fi tsawo da kusan milimita 100, na wannan ba ya zama a waccan. A cikin Vigo ɗin ma, gajerar mai noti biyar a taya daban, fo-wil mai noti shida daban, lowa am da shoka da boljoyin duk ba sa haɗuwa.

Shekarar da ke takardar mota ba abin dogaro ba ce, ballantana fuska, tunda ana canza wa Vigo gaba ta koma kamar Revo. Farantin kamfani da ke jikin bodi shi za ka karanta. TGN26 Vigo ce mai fetur 2.7, KUN25 da KUN26 masu dizal. TGN126, GUN125 da GUN126 Revo ne. HZJ79 da GRJ79 Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, gabanta koyil tun 1999, alhali 75 da ta gabace ta sifirin ce gaba da baya. L200 tsohuwa K74 toshan ba, KB4 koyil. Nissan D22 toshan ba, Navara D40 koyil. Prado 120 da 150 ba su da fallen sifirin ko ɗaya.

Lambar kayan Toyota goma ce, biyar-biyar. Biyar na farko sunan abin ne: 48510 shokar gaba, 48531 ta baya, 43330 boljoyin ƙasa, 43310 na sama, 48210 sifirin baya. Biyar na ƙarshe su ke nuna motar. In ka ga 0K a farkonsu, gidan Hilux ne, 60 kuma gidan Land Cruiser da Prado. Da lamba za ka yi oda, da lamba za ka karɓi kaya. "Na Hilux ne, yana shiga duka" ba magana ba ce.

Tsohon Direba, Guri:
Ku yi haƙuri yara, ban yarda a raina ɗaga mota ba. Ku da ke kan kwalta ba ku san hanyar Guri da Kirikasamma a watan Agusta ba. Tirakta ta bi ta haƙa rami biyu, tsakiya ta yi tudu, mota ta zauna a kan cikinta tayoyi na juyawa a banza. Akwai masu kuɗin saye kuma: motocin ƙungiyoyin agaji, na 'yan kwangila, na jami'an tsaro, na 'yan siyasa.

Injiniya, Dutse:
Baba, Allah ya ƙara girma, akwai gyara kaɗan. Saitin ɗagawa bodi da cesis yake ɗagawa. Tulun aksil na baya yana nan inda yake, domin a kan taya yake zaune, ba a kan sifirin ba. Abin da ke ɗaga shi daga ƙasa girman taya ne kawai, kuma rabin abin da ka ƙara a tsayin tayar zai samu: taya mai inci biyu ƙari, tulun ya tashi inci ɗaya. Amfanin saitin shi ne cikin mota da bamba ba sa dukan tudu, kuma ana samun wurin sa babbar taya.

Masu sayen da ka lissafa kuwa, yawancinsu ta ofishin saye a Abuja ko Kano suke yin oda, da takarda da garanti, kuma suna kiran suna: Old Man Emu, Ironman 4x4, Dobinsons, Tough Dog, duk na Ostireliya. Ba sa zuwa Ringim neman saitin da ba a san wanda ya ƙera shi ba.

Tsohon Direba, Guri:
To na ji ta tulun aksil. Amma cikin motar ai shi ne ke zama a laka, ba tulun kaɗai ba.

Injiniya, Dutse:
Gaskiya ne Baba, shi ya sa ban ce ba shi da amfani ba. Abin da nake guje wa Alhaji shi ne ya sayar da rabin aiki. Motar da gabanta ke da lowa am da opa am, irin Vigo, Revo, Prado da L200, iyakarta milimita 40 zuwa 50 ba tare da an taɓa wasu abubuwa ba. In aka wuce nan, shaf ɗin gaba yana karkata fiye da kima, robarsa ta yage, yashi ya shiga, joyin ya fara ƙas-ƙas a kwana. Boljoyin sama yana kaiwa maƙura idan taya ta sauka a rami. Alaimen ya ƙi zama, taya ta ci gefe ɗaya. A baya kuma, tiyon birki da wayar ABS, na'urar hana taya ƙamewa in an taka birki, suna miƙewa idan aksil ya sauka, furofela ta soma rawa a wani gudu. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser 70 suna da bawul a baya mai auna lodi yana raba ƙarfin birki. In ka ɗaga bodi ba ka gyara sandarsa ba, zai ɗauka mota fanko ce ko da an cika ta, ya rage wa birkin baya ƙarfi. A Land Cruiser 79 kuwa ɗaga koyil na gaba yana rage kasta, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, sai an sa bushin gyaran kasta a radiyos am.

Saboda haka duk wanda zai sayar da saiti, ya tambayi dila: akwai dogon tiyon birki a ciki? Akwai sababbin yubol? Shokar tsayinta ya dace da sifirin? In aka sa dogon sifirin da gajerar shoka, shokar ce za ta zama igiyar da ke riƙe aksil, idonta ya tsinke. In aka sa doguwar shoka a mota mai tsayin kamfani, tana dukan ƙasan kanta kafin robar tsayawa ta taɓa, bawul ɗin ciki ya farfashe.

Wani abu kuma, kayan Ostireliya da Tailan don motoci masu sitiyari a dama aka tsara su, mu kuma tun 1972 sitiyarinmu a hagu yake. Wasu kamfanoni suna yin koyil ɗaya ya ɗan fi ɗan'uwansa tsawo, su yi musu alama, saboda nauyin da ya fi yawa a gefe guda. A tambayi wanne ke zuwa wane gefe a mota mai sitiyarin hagu, kuma a auna bayan an ɗaura, in ba haka ba mota ta fito a karkace a ce kayanka ne jabu.

Mai Shago, Ringim:
Na gode ƙwarai. Saiti goma ya fita daga lissafi. To jabun fa? Kwali duk iri ɗaya ne yanzu, har da tambarin nan mai ƙyalli.

Dila, Ƙofar Ruwa:
Kwali kam ka manta da shi. Ka sayi guda ɗaya na ainihi daga wakilin kamfani, ko da tsada, ka ajiye shi a shago ya zama ma'auni. Shoka ta KYB ko Tokico, boljoyin na 555 ko CTR. Duk katan da ya zo ka ciro ɗaya daga ƙasa, ba daga sama ba, ka ɗora a sikeli tare da naka. Jabu yawanci ya fi sauƙi, don an rage kaurin ƙarfe da yawan mai. Ka duba waldar ido, ta ainihi a zagaye take sumul, ta jabu tana da ƙuraje. Lamba a buge take a jikin ƙarfe, ba a takardar mannawa kaɗai ba.

Sai gwajin hannu. Ka tsayar da shoka yadda take zama a mota, ka danna ka ja sau huɗu ko biyar. Jan ya fi dannawa tauri, haka aka yi ta. Abin da ba a so shi ne gurbi, wato ta tafi salin-alin na ɗan tazara kafin ta kama. In bayan an yi mata famfo gurbin bai tafi ba, iska ce a ciki ko man bai cika ba. Mai gas kuma in ka danne ka saki, ta miƙe da kanta a hankali har ƙarshe.

Boljoyin sabo ba ya lilo a hannu, sai ka sa ƙarfi yake motsi. Ka ja robar, in ta yi fari-fari ko ta nuna tsaga, ba za ta ga ƙarshen hunturu ba. Ka nemi tsohon nokul, ƙarfen da taya ke ɗaure a kansa, a gareji ka gwada bakin joyin a raminsa: ya zauna daram, zaren ya fito daidai yadda ramin fin zai haɗu da tsagar noti. In ya nitse da yawa, noti zai ƙare zare bai ɗaure ba, kuma irin wannan ne ke sa taya ta kwanta a kan hanya.

Ban ce kada ka sayar da mai araha ba. Kasuwar ƙauye sai da shi. Ka ajiye aji biyu, ka faɗa wa mai saye gaskiyar kowanne, da sunan kamfaninsa na gaskiya a kwali. Amma boljoyin ƙasa da tayarod, aji ɗaya kawai, mai kyau. Rai ne a kansu.

Mai Sifirin, Wudil:
Bari in sa baki a fannina. Alhaji, cikakken sifirin kaɗan za ka ajiye, biyu-biyu na Vigo da Revo sun isa farawa. Cinikin yana wajen falle. Uwar sifirin mai ido biyu, sai na biyu, sai na uku, su ne ke karyewa. Ƙananan na ƙasa ba su cika mutuwa ba. In za ka yi oda, awo biyar za ka bayar: faɗi, kauri, tsawo daga senta bol zuwa idon gaba, tsawo daga senta bol zuwa idon baya, da faɗin ramin ido. Awon gaba da na baya ba lallai su zo ɗaya ba, shi ya sa jimillar tsawo kaɗai ba ta isa. Faɗin na Hilux milimita 60 ne, na Land Cruiser 70 kuma milimita 70, yubol da farantinsu ma kowa da nasa.

Ka koyi karanta karaya, don ranar da za a dawo maka da kaya ana hayaniya. In ya karye a ramin senta bol, tsakanin yubol biyu, ba laifin ƙarfe ba ne, yubol ne ya saki, fallen suka riƙa lanƙwasa a inda bai kamata su motsa ba. In ya karye kusa da ido, ko lodi ya yi yawa ko shakul ya ƙame da tsatsa ya hana sifirin miƙewa. In ka ga bakin karayar rabi ya yi duhu da tsatsa rabi sabo, tsohuwar tsaga ce ta daɗe tana ci. In kuwa sabon falle ya kwanta ya miƙe cikin 'yan makonni ba tare da ya karye ba, wannan kam ƙarfen ne ba a gasa shi daidai ba, dilanka za ka koma wa. Ka tambayi irin ƙarfen, SUP9 ko 60Si2Mn su ne aka saba yin sifirin da su. Wanda ya kasa amsa wannan bai san kayansa ba.

Duk falle ɗaya da ka saya, ka haɗa da senta bol ɗaya da yubol biyu a lissafi. Yubol ba a maimaita shi, zarensa yana miƙewa a ɗaurin farko. Kuma ka gaya wa direba ya dawo a sake ɗaure shi bayan mako guda na aiki, domin fenti da tsatsar da ke tsakanin falle suna murƙushewa, ɗaurin ya yi sako-sako.

Masu gasa sifirin a wuta su buga shi ya dawo da lanƙwasa, ko su yi masa walda, suna kashe ƙarfin ƙarfen ne. Zai tashi yau, ya kwanta a lodi na uku.

Tsohon Direba, Guri:
Malam, ƙarin falle fa? Kowa a nan sai ya ƙara biyu ko uku kafin kaka.

Mai Sifirin, Wudil:
Ana yi Baba, kuma Alhaji zai ci kasuwarsa. Sai dai ya haɗa da dogon senta bol da dogon yubol, na kamfani ba sa kaiwa. Amma a sani, Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka. Buhu goma na kilo ɗari ke nan, har da direba da yaran mota. In aka ɗora ashirin, ƙarin fallen zai hana bodi zama a kan taya, amma nauyin bai tafi ko'ina ba. Ya koma kan boris na taya, da bututun aksil da ke lanƙwasa, da cesis da ke tsagewa tsakanin kan mota da bodi. Kuma in motar ta dawo fanko a kan gargadar burji, taurin nan duka yake yi, shoka da hanga su ke sha.

Bakanike, Gumel:
Ƙari a kan shoka. Direbobi da yawa suna zuwa neman "mai ƙarfi" don mota ta daina zama. Shoka ba ta ɗaukar lodi, aikinta hana lilo. In baya ya zauna, sifirin za a duba. A hanyoyinmu na Gumel zuwa Sule Tankarkar da Maigatari, abin da ke kashe shoka zafi ne. Gargada na sa ta aiki ba hutu, man ya yi zafi ya yi kumfa, ta daina riƙewa. Mai gas ta fi jurewa, mai faɗin jiki ta fi, don man ya fi yawa. Mai bututu ɗaya tana saurin hucewa, amma in dutse ya lotsa jikinta ta gama aiki, tunda fistin a jikin bangon yake tafiya. Mai bututu biyu tana jure lotsawa. Don haka masu sayarwa a wajen duwatsu, irin Gwaram, Birnin Kudu ko Doguwa, su fi ba mai bututu biyu ƙarfi, musamman a baya.

Kurakuran ɗauri uku ne ke jawo wa mai shago asara ba laifinsa. Riƙe sandar shoka da filaya, ya ƙarce ta, ƙarcen ya yanke sil, mai ya zube. Ɗaure notin bushi mota na kan jak, in an sauke ta robar ta murɗe tun kafin a tashi, ba ta daɗewa. A sauke mota ƙasa sannan a ƙarasa ɗauri. Na uku, buga boljoyin da guduma maimakon matsa shi da fires, injin matsa ƙarfe, ko a ɗiga masa walda don ramin am ɗin ya buɗe. Zafin waldar yana narkar da mazaunin roba na ciki. In rami ya buɗe, lowa am za a canza gaba ɗaya, saboda haka ka ajiye hagu da dama ko da biyu-biyu ne.

Kuma ka sayar da shoka biyu-biyu. Wanda ya nace sai ɗaya, ka rubuta a rasit.

Mai Kayan Beljiyom, Haɗejiya:
Duk kun yi shiru a kan Beljiyom, alhali shi talaka ke nema. Lowa am na asali da aka ciro daga mota ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, nesa ba kusa ba.

Dila, Ƙofar Ruwa:
A ƙarfe na yarda da kai, Alhaji. Am, nokul, toshan ba, sandar sitabilaiza, in ba su lanƙwashe ba. Amma shoka da roba? Shokar da aka wanke aka fesa wa baƙin fenti, wa ya san tafiyar da ta yi?

Mai Kayan Beljiyom, Haɗejiya:
Ana ganewa. Ka ɗaga robar ƙura ka duba sandar, in ƙyallin ya ci a gefe ɗaya ko akwai ɗigon tsatsa, ka bar ta. Ka duba inda koyil ke zama ko ya ruɓe, don motocin ƙasashen sanyi gishirin hanya na cinye su. Danshin mai kaɗan a wuya ba komai, amma in ya gangaro har ƙasa ta mutu. Sai dai in faɗi gaskiya, Hilux da 79 ba su da yawa a Turai kamar ƙananan motoci, kayansu sun fi fitowa ta Sharja da ke kusa da Dubai. Kuma a kasuwar Ladipo ta Legas da kanka za ka tsaya ka zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Buhun da aka ɗaure maka ba ka gani ba, kashi mai yawa na 'yan gwangwan ne.

Dila, Ƙofar Ruwa:
To ka ga ba sarin waya ba ne ke nan. Mutumin da ke farawa ba shi da wannan idon tukuna.

Ɗan Kiliyarin, Kano:
Tunda an ambaci Sharja, wani zai ce me zai hana a yi oda kai tsaye daga Caina ko Dubai. Ga abin da ke ciki. Sai ka buɗe Form M, takardar shigo da kaya, a banki kafin a loda kaya, sai takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya, sannan kwastam su fitar da PAAR, rahoton ƙiyasin haraji. Shoka da am suna ƙarƙashin lambar kwastam 8708.80, fallen sifirin 7320.10, koyil 7320.20. In aka cusa su duka a lamba ɗaya, ranar duba kaya za a tsayar da kwantena, kuɗin ajiya na hawa kullum. Masana'anta kuma tana da mafi ƙarancin abin da za ta ƙera a kowace lambar kaya, ba a jimilla ba. Kai kana buƙatar lambobi arba'in kaɗan-kaɗan, ita tana so ka ɗauki lamba huɗu da yawa. Sifirin kuma nauyi ne, cikakke ɗaya ya haura kilo 20, kwantena mai ƙafa 20 tana cika nauyinta na kusan tan 28 alhali da sauran fili a sama. Masu wayo suna shimfiɗa sifirin a ƙasa, su cike sama da katan na bushi da shoka.

An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a 2023, amma ko ta nan za ka bi, takardun ba su ragu ba. Kuma masana'antun Caina suna rufewa lokacin sabuwar shekararsu, tsakanin Janairu da Fabrairu. Ga mai jarin Alhaji, ya saya a Kano, ko wajen manyan masu shigo da kaya a kasuwar ASPAMDA ta Legas ko Nnewi, ya bar kwantena sai littafinsa ya nuna masa lambobi goman da ba sa kwana.

Hajiya Akanta, Kazaure:
Alhaji, duk abin da aka faɗa zai tafi a banza in lissafi ya karkace. Kuɗin kaya ba shi ne abin da ke kan rasit ba. A ce ka sayi abu a 100, kuɗin mota da 'yan dako da sauke kaya suka ci 8, ka ware 4 don wanda zai zo a lalace ko a dawo da shi, la'adar bakaniken da ya kawo mai saye 5. Ya zama 117 kafin ka ci ko kwabo. Wanda ya sayar a 115 yana murna, jarinsa yake ci. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuma, farashin da za ka sake sayowa shi za ka duba kafin ka yanka na sayarwa, ba wanda ka sayo a da ba.

Ƙananan masu shagon da ke sari a wajenka, ka yanka wa kowa iyakar bashi, kuma ka ɗaura biyan da ranar kasuwar da yake samun kuɗi. Na wajen Maigatari ya biya bayan Alhamis, na wajen Gujungu bayan Lahadi. Ba sabon kaya sai tsohon ya fita. Sharaɗin dawo da kaya ka rubuta shi da dila tun kafin kuɗi ya bar hannunka: kwana nawa, wa zai biya kuɗin mota, kuɗi za a mayar ko canji. Ka sa wa kowane abu alamar shagonka da fenti ko ɗan bugu a inda ba ya aiki, don ana sayen mai kyau a wajenka a dawo maka da mataccen wani wuri.

Injiniya, Dutse:
Ajiya ma Hajiya, asara ce da ba a gani. Shagon kwano a watan Afrilu yana gasa roba. Bushi da robar joyin su zauna a ledarsu, a ƙasa-ƙasa inda ya fi sanyi, nesa da rana, da janareto, da galan ɗin fetur ko baƙin mai. Kada a sayi na shekara guda, na wata uku ya isa, wanda ya riga shigowa ya riga fita. Sifirin a ɗora shi a kan katako, a shafa masa mai kaɗan kafin damina. Masu shago a bakin kogin Haɗejiya sun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi, a sa kantar ajiye kaya ta yi tsawo. Shoka mai bututu biyu in ta daɗe a kwance, a yi mata famfo a tsaye kafin a miƙa wa mai saye, in ba haka ba zai ji gurbi ya ce matacciya ce.

Bushin roba mai tauri mai launin ja ko rawaya, kaɗan za ka ɗauko. Sai da giris yake aiki, giris kuma a rairayin Ɓaɓura yashi yake tarawa ya cinye fin ɗin shakul. In za ka sayar da shi, ka haɗa da shakul mai kan giris.

Mai Shago, Ringim:
Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Gobe zan fara zagayen garejin in rubuto lambobin faranti. Oga Dila, bushin sifirin katan nawa zan fara da shi?

Dila, Ƙofar Ruwa:
Kada ka ƙirga da katan, ka ƙirga da mota. Kowane sifirin yana da ido biyu da kan shakul na sama, wuri uku ke nan, gefe biyu ya zama shida. Inda bushin rabi-rabi ne, kowane wuri na cin biyu. Wasu motocin idon gaba bushi guda ne mai hannun ƙarfe da ake matsawa, na baya ne rabi-rabi, don haka ka sa bakanike ya kwance ɗaya ka ƙirga da idonka. Ka fara da na mota ashirin a samfurin da ya fi yawa a littafinka, na mota biyar a sauran.

Bakanike, Gumel:
In ka je ka ɗauko hoton farantin gaba ɗaya, har da layin ƙasa, ka turo nan. Kuma ka tafi da baniya, ma'aunin kaurin ƙarfe, ka auno fin ɗin shakul na kowace mota, domin da yawa an canza musu hanga a wajen mai walda, fin ɗin da ke ciki ba na kamfani ba ne.